Yawon Buɗe Ido: Nazari Daga Jere Zuwa Nok

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana tafiya, amma kowace tafiya da sunanta. Akwai fatauci, akwai ci-rani, akwai almajiranci, akwai ziyara, sannan akwai yawon duniya, wanda ba yabo ba ne a faɗa wa ɗan mutum. Yawon buɗe ido ya bambanta da waɗannan duka, domin shi ne mutum ya bar gida da kuɗinsa, ba neman riba ba, sai don ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya huta, ya dawo. Idan aka ambace shi, hankalin ɗalibai yakan tafi birnin Rum ko Alƙahira, ko gonakin inabi na Bordeaux a Faransa inda Turawa ke zuwa ɗanɗanon giya. Wannan maƙala za ta dubi abin da ke kusa da mu, wato kudancin Jihar Kaduna, ta kuma nuna yadda wani ɓangare na tarihinsa ya koma abin kallo a ƙasashen waje.

Hanyar

Garin Jere yana cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma yana da tasha a layin dogon da aka buɗe a 2016. Yawancin matafiya wucewa kawai suke yi. Wanda ya ratse daga nan ya bi ta Kagarko zai isa Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, daga nan sai Kafanchan, garin da ya bunƙasa saboda mahaɗar jirgin ƙasa tun zamanin Turawa. Kusa da Kafanchan akwai Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsawon wajen mita 30, ga kuma duwatsun Kagoro, inda ake bikin Afan a ranar 1 ga Janairu.

Nok

A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunki na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba. Ba a ba shi muhimmanci ba sai a 1943, lokacin da aka nuna wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kai irinsa da aka samu a yankin Jama'a. An ce wanda ya tsinci kan ya kafa shi ne a gonarsa ta doya don ya kori ɓarna. Fagg ya lura aikin hannu iri ɗaya ne, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen, kuma shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna cewa mutanen Nok sun soma rayuwa a wannan yanki kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna noman gero, daga baya kuma suka iya narka ƙarfe. Ke nan sun riga kafuwar birnin Rum da ɗaruruwan shekaru.

To ina gumakan suke? A shekarun 1990 aka yi ta tonon sata ana fitar da su ta ɓarauniyar hanya, duk da cewa doka ta hana. A 2000 aka baje kolin wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Paris, abin ya jawo ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ce, aka bar mata su aro na shekara 25. A 2013 kuma aka yi wani babban baje koli a Frankfurt. Wato ɗan Kwoi da ke son ganin wasu daga cikin mafi kyawun kayan da aka tono a ƙasarsu sai ya nemi biza. Asarar ba ta gunkin kaɗai ba ce: idan mai sata ya zaƙulo shi, ya lalata shimfiɗar ƙasar da masana ke dubawa su gane shekarunsa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ba a ɓoye cewa rashin tsaro ya rage masu zuwa. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya tsorata mutane da yawa, haka ma rikice-rikicen kudancin Kaduna. Saboda haka ɗaliban da ke shirin rangadin ilimi su fara tuntuɓar masarautar Jaba da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su yi tafiyar rana, su tafi da ɗan gari. Matsirga da damina ta fi cika, amma da rani hanya ta fi sauƙi, dutsen kuma ba ya santsi.