Zare mai rini daga garken tumaki: amsa ga wata 'yar'uwa a Madarumfa

Saƙo ya zo mini daga wata baiwar Allah da ke zaune a wani ƙauye kan hanyar Madarumfa zuwa Gabi. Tumaki goma sha ɗaya gare ta, Balami da Uda. 'Yarta da ke karatu a Maraɗi ta nuna mata bidiyo a waya: wata Baturiya ta aske tumakinta, ta wanke, ta kaɗa, ta rina launi-launi, ta ɗaura a ƙananan ɗauri tana sayarwa da tsada. Sai ta ce da ni: "Yaya, ni ma ga tumaki a garke, kuma mahaifiyata makaɗiya ce, na iya riƙe mazari. Ta ina zan fara?"

'Yar'uwa, kafin komai ki shiga garke ki shafa bayan tunkiya ɗaya, ki tsinko ɗan abin da ke jikinta ki murza tsakanin yatsu biyu. Za ki ga gajere ne, miƙaƙƙe, mai santsi, kina saki yana watsewa. Wannan gashi ne. Ulu yana da tsawo da lanƙwasa kamar an nannaɗe shi, shi ya sa silin farko ke kama na biyu har su zama zare. Balami, da Uda mai gaba baƙi ko ja da baya fari, da Ara-ara ta Abzinawa, duk tumakin gashi ne. Allah ya yi su don zafin ƙasarmu, suna zubar da gashinsu da kansu, ba a aske su. Ko shekara kika yi kina murzawa ba zai ba ki zaren da za a saƙa ba.

Tumakin ulu akwai su a yankinmu, sai dai da nisa. A Nijar akwai Kundum, a bakin kogin Kwara da tsibiransa, daga wajen Yamai zuwa iyakar Mali, kuma yawansu raguwa yake yi. A Mali akwai na Masina, waɗanda Fulani masaƙa ke saƙa bargon kasa da ulunsu, bargon da kakanninmu ke saye da tsada su ajiye don hunturu. To ko ita tunkiyar Masina, abin da take bayarwa a shekara bai kai kilo ɗaya ba, kuma mai kauri ne, na bargo da shimfiɗa. Na Baturiyar nan mai laushi yawanci daga Merino ne ko danginta, wadda ke ba da kilo huɗu ko fiye. Faransawa sun gwada kawo Merino su haɗa da na Masina a zamanin mulkin mallaka, abin bai ɗore ba. Saboda haka ban ba ki shawarar ki sayar da Balami ki sayo Kundum ba. Kundum ta saba da ciyawar burgu da laimar kogi. Ga kuma ƙarangiya: tunkiya mai ulu in ta yi yini ɗaya a dajin Baban Rafi bayan damina, za ta dawo da ƙaya cunkus a jiki, cirewa sai ta fi kaɗin wuya. Ragon Balami da kika turke wata huɗu ko biyar kafin babbar salla ya fi ulun tumaki goma kawo kuɗi. Ki bar tumakinki a kan aikinsu, su ne jarinki.

Abin da ya burge ki a bidiyon, in kin duba da kyau, rinin ne da kaɗin. Waɗannan kuwa namu ne tun kaka da kakanni, a kan auduga. Na tashi na iske kakata tana zama bayan la'asar, ƙafa a miƙe, ga magurji da ɗan ƙarfenta na fitar da gurya, ga bakan shiɓa. In ta gama shiɓa sai ta dangwali alli da yatsa, ta kafa gindin mazari cikin ɗan ƙoƙo, ta murza. Ba ta duban zaren, hira take yi, hannun ne ya san kauri. Siririn ta ware shi don tsaye, abawa mai kauri don kwance, masaƙi ya zo ya ɗauka. Wannan hannun da mahaifiyarki ta bar miki, mutum nawa suka rage da shi a Madarumfa? Shi za ki sayar.

Ga ƙa'ida ɗaya da za ki riƙe, don ita ce ke raba mai riba da mai asara: auduga tana son kanwa da toka, ulu yana gudunsu. Ulu tsami yake so, na lemo ko na tsamiya. Sodar da masu rinin galura ke zubawa kuwa narkar da ulu take yi gaba ɗaya. In kin samu ulun gaske daga masu zuwa Tilaberi, ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, kada ki cuɗa, kada ki fitar da shi daga zafi ki tsoma a sanyi, in ba haka ba ya dunƙule ya zama kamar tabarma. Ki sani kuma zai ragu sosai bayan wanki, wani lokaci kusan rabi, don maiƙo da ƙasa ne suka yi masa nauyi. Ki lissafa da wannan kafin ki biya. Kuma kada ki taɓa ulun dabbar da ta mutu da kanta, cutar saifa tana bin gashi da fata ta kama mutum.

Akwai tarkon da ni kaina na faɗa. Na taɓa sayen farin "ulu" curi shida a kasuwa, na kwana ina dafa shi da karan dafi. Ruwan ya yi jawur kamar jini, raina fes. Da safe na ɗauraye, jan ya bi ruwa, zaren ya dawo fari da ɗan dishi-dishi. Ashe abin da muke kira ulu a kasuwa, wanda ake saƙa hular jarirai da shi, roba ce ta masana'anta, ba ta shan rinin itace. Tun daga ranar ba na sayen zare sai na yanki ɗan guntu na kunna masa ashana. Ulun gaske yana ƙauri kamar an babbake kan rago, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri. Mai shago na iya ɓata rai, ki ba shi haƙuri ki gwada.

To, auduga. In kina samun ta a gonakin gulbi, madalla. In babu, 'yan kasuwar da ke shiga Katsina da Funtuwa suna iya kawo miki. Ga wadda ke son farawa da sauri, farin zaren auduga na inji, wanda ba a rina ba, yana samuwa a Kano. Ba laifi ki fara da shi don koyon rini, muddin kin gaya wa mai saye gaskiya cewa rinin ne na hannu, kaɗin na inji ne.

Matakin da kowa ke tsallakewa shi ne dafa zaren kafin rini. Auduga tana da wani maiƙo na halitta da ke hana ruwa shiga. Ki warware zaren ki yi shi ɗauri-ɗauri, ki ɗaure kowanne sako-sako a wuri huɗu don kada ya harɗe, ki dafa da sabulu da ɗan kanwa awa ɗaya zuwa biyu. Ruwan zai koma kamar shayi. Bayan nan ki jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan bagaruwa da aka daka aka tace, wannan da majema ke jima da ita. Sannan ruwan alam, kimanin giram 15 ga kowane giram 100 na busasshen zare. Bagaruwa ce ke riƙe alam a jikin auduga, alam kuma ya riƙe launi. Ulu ba ya bukatar bagaruwa, alam kaɗai ya ishe shi.

Launuka kuwa duk suna kewaye da ke. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana ba da ja mai duhu zuwa ruwan hanta. Ganyen marke yana ba da rawaya mai ƙarfi da riƙo, shi ne mutanen Mali ke fara tsoma zanen bogolan a ciki kafin su shafa laka. Saiwar rawaya ma tana yi. Gangamau yana da kyau a ido ranar farko, amma rana tana cinye shi da wuri, kada ki sayar da shi ga wadda za ta shanya. Lalle yana kama ulu sosai, a auduga kuwa ba shi da ƙarfi. Baƙi da ruwan toka suna fitowa in zaren da ya sha bagaruwa ya haɗu da ruwan tsatsa, irin kulokon dukawa, amma kaɗan-kaɗan, don ƙarfe in ya yi yawa yana tsinka zare. Yawanci nauyin ganye ko kara ya kai nauyin zaren, ko ya ninka in kina son duhu.

Shuɗi shi ne sarki, kuma ba ya bukatar alam. Sai dai baba ba a dafa shi, ruɓa shi ake yi da toka da katsi har ruwan ya tashi, ya yi kumfa mai ƙyalli a sama. Zaren yana fitowa kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonki, a sake tsomawa sau da yawa har ya yi duhu. Wannan ilimi ba a koyonsa a takarda. A Ƙofar Mata ta Kano, inda ake danganta ramukan da shekarar 1498, har yanzu ana yi, haka kuma garin Kura ya yi suna da turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa. Ki tambayi tsofaffin garinku ina karofi yake a da, da wuya ki rasa dattijon da ya taɓa tsayawa bakin rami. Ki kai masa goro ki zauna. Ba sai kin haƙa rami ba, babbar randa ta isa. Zaren da ya sha shuɗi in kika sake tsoma shi a marke zai ba ki kore.

Tukunyar rini daban, ta tuwo daban. Ruwan rijiya ɗaya kuma ki riƙe, don ruwan tafki da na rijiya da na sama kowanne da launin da yake fitarwa. Ragowar ruwan rinin a zuba a rami nesa da tafki da mashayar dabbobi.

Yanzu sayarwa, inda mutunci ke tsayawa ko ya zube. Kada ɗauri ko ɗaya ya fita gidanki sai ya ci jarrabawa uku. Ki wanke shi tare da farin ƙyalle ki ga ko ya zuba. Ki goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Sannan ki naɗa shi a kwali, ki rufe rabi, ki bar shi a rana mako biyu, ki buɗe ki kwatanta. Matar da ta saƙa wa jikanta riga da zarenki, wankin farko ya ɓata mata sauran kaya, ba za ta dawo ba, kuma duk gidan suna da biki sai an ji.

Ki sayi ƙaramin sikeli, kowane ɗauri giram 50 ko 100 cif. Ki samu littafi, 'yarki ta riƙa rubutawa: nauyin zare, nauyin kara, awa nawa a wuta, ta manna guntun zaren a gefe. Tukunya biyu ba sa taɓa fitar da ja iri ɗaya sak, don haka in mutum ya ce yana son ɗauri goma, ki rina goman a tukunya guda.

Wajen kuɗi, mata da yawa suna lissafa auduga da alam su manta da itace, da ruwa, da kuɗin mota zuwa Maraɗi, da yininsu. Ki tambayi kanki: in wanki da guga ko surfe na yi wa wani yau, nawa za a ba ni? Ki ɗora wannan a kai, sannan riba. In ɗauri ya tashi miki jika ɗaya, misali, kada kunya ta sa ki bayar a dala ɗari da hamsin. Ba za ki iya gasar araha da zaren roba ba, kada ma ki fara. Masu sayenki su ne masaƙan gwado da majanyi, da mata masu saƙar kwarashi, da iyayen amare masu neman abin da babu a ɗakin kowa, da masu shagunan sana'ar hannu a Maraɗi da Wadata ta Yamai. Bajekolin SAFEM na sana'o'in mata da ake yi a Yamai wuri ne da ya kamata ki sa a rai, ta hanyar ƙungiyar matan garinku. Kuma zare tsirara ba ya jan ido kamar abin da aka saƙa, ki riƙa tafiya da ɗan majanyi ko hula a jaka a matsayin samfuri.

Hoto a WhatsApp ko Facebook a ɗauke shi a inuwa da safe, a kan farin zane, ba tare da gyaran launi ba. Rabin kuɗi ta Nita ko Amana kafin ki hura wuta, sauran in kaya sun isa tasha. Kasuwar Jibiya da Katsina tana kusa ta Ɗan Isa, amma kada ki jingina da ita kaɗai: an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan Yulin 2023 har Maris na 2024, ga naira kullum tana hawa da sauka. Ki yanka farashinki da sefa.

Ki fara bayan girbi, lokacin da karan dafi ya bushe kuma hannu ya samu sarari, don kaya su kasance a shirye kafin sanyin Disamba. Kilo ɗaya na zare ya isa zagayen farko, launi uku kacal: ja, rawaya, baƙi. Abin da ya rage ki ajiye a akwati mai murfi, nesa da rana da laima, in da ulu a ciki ki zuba busasshen ganyen bedi saboda asu. Kuɗin kilon nan da alam da sikeli bai kai na ɗan rago ɗaya ba, don haka kada ki taɓa ko tunkiya guda daga cikin sha ɗayan.