Sukari da Suga: Kalma Ɗaya, Hanya Biyu

Gabatarwa

Ran nan a kasuwar Jimeta na ji wata dattijuwa tana neman sukari, yaron shago kuwa yana cewa suga. Sai na tuna yadda mu ɗalibai kan yi garajen jefa kalmomin biyu cikin aron Ingilishi. Wannan kuskure ne, kuma tarihi ne zai warware shi.

Tsohuwar Alaƙa

Ingilishi ya daɗe yana aro daga Larabci, tun kafin Heinrich Barth ya iso Yola a 1851, balle Turawan Ingila su ci garin a 1901. Sarki Offa na Marsiya a Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya buga kuɗin zinariya yana kwaikwayon dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa. Kalmar shahada na jikin kuɗin tare da sunansa, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Landan. A 1143 Robert na Ketton ya fassara Alƙur'ani zuwa Latin, a 1145 kuma Robert na Chester ya fassara littafin aljabra na Alkhawarizmi. Dukansu a Sifen suka yi aikin.

Misalai

Ilimi da fatauci ba sa tafiya ba kalmomi. Sukkar ta Larabci ta bi ta Italiya da Faransa ta zama sugar. Ita ce kuma ta ƙetaro Sahara ta zama sukari. Da mulkin mallaka ya zo, sai muka sake aronta a matsayin suga. Haka sifr ta ba mu sifiri, ta ba Turawa zero bayan Fibonacci ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya ya rubuta littafinsa a 1202.

Amma kama da wane ba ta wane. Alƙali namu daga alƙadi yake, shi ne Sifaniyawa suka mayar alcalde, wato magajin gari. Alkali na Ingilishi kuwa daga alƙaly yake, tokar tsirrai.

Kammalawa

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu ce kalma aron Ingilishi ce, mu dubi sigarta, mu tambayi hanyar da ta biyo. Ga aikin gida: a bi sawun lemo.