Ƙidayar Ƙafafu: Darasi Game da Ƙaguwa da Danginta

Sau da yawa mai unguwa yakan kawo wa hakimi labari cewa ƙwari sun faɗa wa gona ko garke, magatakarda kuma ya rubuta "ƙwari" kurum. Irin wannan rahoto ba ya wadatar da malamin gona, domin kowane ƙwaro da maganinsa. A ƙasar Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, inda noma da kiwo suke haɗe a gefen dajin Rugu, ya kamata magatakarda ya san hanya mai sauƙi ta rarrabe su, wato ƙidaya ƙafafu.

Ƙaguwa ita ce misali mafi kyau, saboda gaɓoɓinta manya ne. Ba ta da ƙashi a ciki, ɓawonta na waje shi ne ƙashinta. Ƙafafunta 10 ne: biyu na gaba kamar awartaki, da su take kamu da faɗa, sauran 8 na tafiya. Gaɓoɓinsu sun fi lanƙwasawa ta gefe, shi ya sa take tafiya a karkace. In maƙiyi ya riƙe mata ƙafa, sai ta tsinke ta daga gindi ta tsere, wata ta tsiro sannu a hankali duk lokacin da ta yi saɓa.

Danginta duka masu ɓawo ne da ƙafafu gaɓa-gaɓa, sai dai yawan ƙafafun ya bambanta.

Masu ƙafa 6 su ne fara da sauro da tsando da gara. Ƙafafun fara na baya dogaye ne, na tsalle. 'Ya'yanta ba su da fiffike, lokacin nan ne kuwa kashe su ya fi sauƙi, saboda haka a gaggauta kai labari kafin su tashi. A shekarar 2004 farin ɗango ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Nijar.

Masu ƙafa 8 su ne kunama da gizo-gizo da kaska. Awartakin kunama ba ya cikin lissafin ƙafafunta, ba kamar na ƙaguwa ba. Kaska kuwa da ƙafa 6 ake ƙyanƙyashe ta, sai ta yi saɓa take cika 8. Labarinta na malamin dabbobi ne, don tana sa wa shanu cuta.

Masu ƙafafu barkatai biyu ne. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa, yana da dafi, amma ƙwari yake ci. Ƙadandoniya tana da huɗu a yawancin gaɓoɓinta, ba ta cizo, amma takan ci irin gyaɗa da aka shuka.

Akwai kuma wani ɗan uwan ƙaguwa a ruwan tafki, wanda da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar kurkunu. Tace ruwan sha da ƙyalle ya taimaka ƙwarai, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a Nijeriya.

Saboda haka, a kowane rahoto magatakarda ya rubuta yawan ƙafafu, ko akwai fiffike, da abin da aka yi wa ɓarna, da rana da wuri. In da hali, a haɗa da guda ɗaya cikin kwalba.