Kazar da ta daina ƙwai ta takure

Tambaya: Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto cewa kazarta ta daina ƙwai kwana 2, ta takure a akurki, jelarta ƙasa, tana ta yunƙuri.

Amsa: Alamomin sun fi kama da maƙalewar ƙwai, wato ƙwai ya tsaya a mafitarsa, galibi saboda ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ɓawo. Idan mai tambaya ta shafa ƙasan cikin a hankali ta ji abu mai tauri, sai ta zaunar da kazar cikin ruwa mai ɗumi na minti 15, ta tsane ta, ta shafa man gyaɗa a bakin duburar, ta ajiye ta a wuri mai duhu, tare da ruwan sha da dakakken ɓawon ƙwai. Kada a matsa cikin, domin ƙwan da ya fashe a ciki yakan kashe kaza. Idan aka kwana bai fito ba, sai likitan dabbobi.

Amma in akwai koren kashi da murɗewar wuya, musamman da hunturu, to cutar Newcastle ce ake zargi, wadda ba ta da magani, sai a ware kazar, a yi wa sauran rigakafin Lasota.