Dam ɗin Tiga: Abin da Ya Kamata Maƙwabtansa Su Sani

Jama'ar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kowa a cikinku ya san Tiga, amma ba kowa ya san nauyin da ke kanta ba. An gina wannan madatsa a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa, dabbobi suka yi ta mutuwa, rumbuna suka ƙare. Tsawon bangon ya kai kilomita 6, tsayinsa kuwa mita 48. Ruwan da ya taru a bayansa ya mamaye fili wajen murabba'in kilomita 178.

Ina ruwan nan yake zuwa? Kaso mai yawa yana bin babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani na shinkafa da alkama da tumatir ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wani kuma ana sakinsa cikin kogi ya gangara wajen Tamburawa, inda ake tace ruwan da ke shiga famfunan birnin Kano. Daga baya gwamnatin jiha ta kafa tashar lantarki mai megawat 10 a gindin madatsar. Yadda take aiki ba wuya: ruwa ne ke faɗowa da ƙarfi ya juya farfelar inji, inji ya ba da wuta, ruwan ya wuce abinsa ba a rage ko ɗigo ba. An yi niyyar wutar ta ɗauki injinan Tamburawa da fitilun titi. A ganinmu, ƙauyukan da aka tasa daga gonakin kakanninsu don a tara ruwan nan su ne suka fi cancanta a fara haska musu, a kuma ja musu famfo.

To, ga inda maganar ta shafe ku kai tsaye. Dam ba ya haifar ruwa, tarawa kawai yake yi. Ruwan Tiga daga kudu yake fitowa, daga duwatsun wajen Riruwai, ya ratso dajin Falgore. Muddin akwai itatuwa da ciyawa, ruwan sama yakan sauka a hankali, ƙasa ta sha, saura ya gangaro garau. Idan kuwa masu gawayi da masu itacen sayarwa suka aske dajin, aka kuma yi huɗa har bakin rafi, ruwa zai kwaso yashi da laka ya zube su a cikin dam. Ba a ganin wannan ɓarna da ido, domin a ƙarƙashi take. Sama ruwa shimfiɗe kamar kullum, ƙasa kuwa wurin ajiya yana ta raguwa, sai watan bazara mai tumatir a Kadawa ya ji a jikinsa. Saboda haka manomi ya bar tazara tsakanin gonarsa da gaɓa, ya bar ciyawar wurin, ya dasa itace. Masunta su bar kamu da magani, domin ruwan da aka zuba wa guba shi mutane ke sha. Iyaye kuma su lura da yaran da ke wanka a gefen ruwa. In an ga jini a fitsari, mai yiwuwa tsargiya ce, a tafi asibiti.

Bangon ma yana son kulawa. Dattawa ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, ga shi nan kusa da ku. A 1992 sai da aka rage tsayin mazubar rarar ruwa ta Tiga don a sauƙaƙa wa bangon nauyi. Wanda ya ga tsagewa, ko ruwa yana tsattsafowa inda bai saba ba, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci nan take, su kai wa ma'aikatan hukuma.