Allurar da ke sassauta tsoka ba ta sa barci

Ni ɗan ajin ƙarshe ne a fannin harhaɗa magunguna, kuma darasin nan a bakin firiji na koye shi kafin in fahimce shi a aji.

Lokacin da nake SIWES a wani asibiti, wuta ta ɗauke tsawon dare, aka kwashe alluran firiji aka zuba a kula ɗaya da ƙanƙara. Da safe aka aike ni in ɗauko oksitosin don ɗakin haihuwa. Na ga 'yar kwalba mai kama da ita, na ɗauka na kai. Sista ta duba, ta miƙo min, ta ce, "Ɗana, karanta min sunan da ke jikinta." Suksametoniyam ce. Sai ta ce, "Da an yi wa maijego wannan, cikin minti ɗaya numfashinta zai tsaya, kuma tana ji tana gani." Wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba.

To wace irin allura ce wannan? Asalin danginta dafin kibiya ne mai suna kurare, na maharban Kudancin Amurka. Ba irin kwankwanin maharbanmu ba ne, wanda zuciya yake kamawa. Shi kurare tsoka yake kwancewa. Ranar 23 ga Janairu, 1942, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da shi wajen tiyata a Montreal ta Kanada. Kafin nan sai an danna wa majinyaci maganin barci mai yawa sannan tsokar ciki ta saki, abin da ke da haɗari.

Ga yadda abin yake aiki. Jijiyar da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa ba ta manne da tsoka ba, akwai ɗan gibi tsakaninsu. Idan umarni ya iso, jijiyar takan saki sinadarin asetilkolin ya tsallaka ya zauna a gurbinsa a jikin tsoka, sai ta motsa. Ku ɗauke shi makulli, gurbin kuma kwaɗo. Magungunan nan kashi biyu ne, gwargwadon abin da suke yi wa kwaɗon.

Kashi na farko suksametoniyam ce. Ita makulli ce da ke buɗe kwaɗon sannan ta maƙale a ciki. Shi ya sa za ka ga jikin majinyaci ya ɗan yi rawa kafin ya saki. Tana kamawa cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, ta sake shi bayan kamar minti 5, domin wani sinadari a cikin jini yana rusa ta da sauri. Saboda saurinta ake zaɓenta idan ana son zura bututun numfashi cikin gaggawa. Amma tana da hali. Tana ƙara fotasiyam a jini, don haka ana gudunta ga wanda ya kwana biyu da mummunar ƙuna ko mai shanyewar jiki, kada zuciya ta tsaya. Wasu sun gaji ƙarancin sinadarin da ke rusa ta, sai su yi awanni ba su iya numfashi da kansu. Wasu kuma takan tayar musu da mugun zafin jiki na gado, wanda maganinsa dantirolin.

Kashi na biyu ba sa buɗe kwaɗon, ramin kawai suke toshewa kamar an karya tsinke a ciki, makullin gaskiya ya rasa hanya. Babu rawar jiki, kuma sun fi daɗewa. A cikinsu akwai pankuroniyam mai dogon zango, mai ƙara bugun zuciya, da bekuroniyam, da rokuroniyam mai saurin kamawa. Atrakuriyam kuwa da kanta take narkewa a ɗumin jiki, ba ta jiran ƙoda ko hanta, shi ya sa ta dace da masu ciwon ƙoda. Wannan halin ne kuma ya sa zafi ke rage mata ƙarfi a kan kanta. Wurinta firiji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Idan an gama tiyata ana warware kashi na biyu da niyostigmin. Tana hana rusa asetilkolin, ya taru ya ture mai toshewar. Ana haɗa ta da atirofin, domin ita kaɗai tana rage bugun zuciya da kawo yawu. Sugamadeks kuma kama rokuroniyam da bekuroniyam take yi kai tsaye. A kula: niyostigmin ba ta warware suksametoniyam, ƙara mata wa'adi ma take yi. Malamai na son wannan tambayar.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne: waɗannan alluran ba sa shiga ƙwaƙwalwa. Ba sa sa barci, ba sa kashe zafi. A 1947 aka wallafa gwajin wani likita a Amurka, Scott Smith, wanda ya sa aka yi masa kurare yana farke. Ya kasa motsi da numfashi, amma yana jin magana, yana jin tsirar allura. Don haka ba a ba da su sai da maganin barci da na zafi, da iskar oksijin, da wanda ya iya riƙe numfashin majinyaci.

Gobe wasunmu ne za su riƙe makullin sito. Ku ware musu akwatinsu daban mai jan tambari, ku karanta suna sau biyu, ko da ana yi muku tsawa a kan sauri. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.