Kunnen da ka kafa a kan soro

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kwana uku ke nan kana hawa soro da 'yar waya a hannu, wai jiragen sama kake saurare. Ita abin ya ɗan tsorata ta. Ni kuwa daɗi na ji. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yaro neman sani yake.

Matso nan kusa. 'Yar na'urar nan da ka soka a jikin kwamfuta, ba don jirgi aka ƙera ta ba, ta kama tashoshin talabijin ce. Wajen shekarar 2012 wasu masu bin ƙwaƙƙwafi, cikinsu har da Antti Palosaari, suka gano cewa ɗan abin da ke cikinta, RTL2832U na kamfanin Realtek, zai iya miƙa wa kwamfuta sigina ɗanye, manhaja ta ƙarasa aikin da a zamaninmu sai da tulin kayan rediyo. Wani ɗan Italiya kuma, Salvatore Sanfilippo, ya rubuta manhajar dump1090 mai karanta saƙon jirage ya bayar kyauta. Rijiyar da wasu suka haƙa kake sha, ka riƙa ambatonsu da alheri.

Shi jirgi, da can sai rada ta tambaye shi a kan megahaz 1030, sannan ya amsa a kan 1090. Yanzu da tsarin ADS-B ba ya jiran tambaya. Kamar sau biyu a kowace daƙiƙa yana faɗin inda yake, yadda GPS ya nuna masa. Saƙon gajere ne ƙwarai, ɗigo 112, wato bit a yaren kwamfuta, kafin ƙiftawar ido ɗaruruwa sun wuce. A ciki akwai lambar jirgin mai ɗigo 24, wadda ba ya tarayya da kowa a kanta. Na ƙarshe 24 kuma ma'auni ne, da su manhaja ke gane saƙon da ya lalace a hanya ta zubar.

Na san abin da ya dame ka jiya. Ka ga lambar jirgi da tsayinsa, amma ya ƙi fitowa a taswira. Ba lalacewa ba ce. Wurin da jirgi yake, kashi biyu ake aiko shi bi da bi, sai manhaja ta haɗa su tukuna ta san inda za ta aje shi. Ka ɗan jira. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka zuba kuɗinka a kasuwa tun yanzu. Eriya ita ce kunnen. Ka yanka wayar jan ƙarfe santimita 6.9, ka ɗaga ta inda ba gini ba bishiya, igiyar da ta sauko kuma kada ta yi tsawo, don tana shanye sigina. Wannan zango na 1090 ba ya kewaya dutse, sai abin da yake iya hangowa. In sarari ya buɗe, jirgin da ya lula sama za ka ji shi daga kilomita 300, wani lokaci har 400.

To, ga abin da ya sa na kira ka. Wata rana kana kallo, jirgi zai ɓace daga allonka. Gabanka zai faɗi. Yawanci saukowa ya yi, ko ya faɗa bayan tudu, ko ya wuce iyakar kunnenka. Wata rana kuma za ka ga 7700, lambar neman agaji. Tana iya zama fasinja ne ya kamu da ciwo, matuƙi na neman a ba shi hanya ya sauka da wuri. 7600 kuma rediyon jirgin ne ya lalace. Ka ga dai ba kowace ce mutuwa ba.

A wannan lokaci hannunka zai yi ƙaiƙayin ɗaukar hoton allo ka watsa a WhatsApp. Ka tuna da tsohuwar da ke zaune a filin jirgin Malam Aminu Kano tana jiran ɗanta ya dawo daga Hajji. Saƙonka zai riga jirgin isa wurinta. Ko da daga baya ka ce kuskure ne, hawan jinin da ya tashi ya riga ya tashi. Magana zarar bunu ce, ɗana. Masu hasumiya suna magana da matuƙi baki da baki, kai lamba kawai ka gani.

Na san ba za ka yi ba, amma bari in faɗa. Saƙon nan ba shi da kwaɗo ba shi da sa hannu, an bar shi a buɗe ne don kowa ya ga kowa a sama. Saboda haka ko da wasa, ko da aboki ya kawo na'urar da ke iya watsawa, kada ku aika komai a kan 1090. Rayuka ɗaruruwa ke rataye a wannan zango. Kuma kada ka ɗauki eriyarka ka je jikin shingen filin jirgi. Jami'in tsaro bai san zuciyarka ba, abin da ke hannunka zai gani, soron gidanku ya ishe ka.

Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo da kwamfutar. Ina da ragowar wayar jan ƙarfe a tsohon akwatina, mu auna mu yanka tare. Ina so ka nuna mini jiragen nan da ke ratsa samaniyarmu da dare, waɗanda shekara da shekaru ƙararsu kawai nake ji.